Anshuwa: wane suna za mu ba kifin nan?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata da ke koyon girki a nan Yamai ta miƙo mini wani ɗan gwangwani, ta ce, "Yaya, me ake ce wa wannan da Hausa?" A jikinsa an rubuta anchois da Faransanci. Na rasa amsa, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Kifin teku ne siriri, da wuya tsawonsa ya wuce santimita 20. Babu shi a kogin Kwara, babu shi a tabkin Tabalak, don haka kakanninmu ba su raɗa masa suna ba. Mutanen Sifaniya na kiransa anchoa, na Fotugal anchova, daga wajensu Turawan Ingila suka aro anchovy. Masana harshe sun rabu kan tushen: wasu sun kai shi ga wata tsohuwar kalmar Girka mai nufin 'ya'yan kifi, wasu ga kalmar yaren Basko na arewacin Sifaniya mai nufin busasshe.

Wata ƙawata ta ce mu kira shi sardin mu huta. Ban yarda ba. Sardin ana cusa shi a burodi a ci a ƙoshi. Wannan kuwa a gishiri ake binne shi watanni har naman ya yi ja ya nuna, sannan a cire ƙaya a zuba masa mai. Ka jefa biyu ko uku cikin mai mai zafi da albasa, sai su narke, a neme su a rasa, ɗanɗano kawai ya rage a miya.

Da na yi wa Inna wannan bayani, ita da ta tashi a Tawa, sai ta ce, "Ashe daudawarsu ce." Wallahi ta gama magana. Aikin da daudawar batso ke yi mana a tukunya, shi kifin nan yake yi wa Turawa.

Shawarata ke nan: kifin kansa mu ce masa anshuwa, yadda kunnenmu ya ji shi daga Faransanci, kamar yadda muka karɓi sardin. Wanda aka tsuma a gishiri kuma, daudawar teku. 'Yan'uwanmu na Kano ƙila bakinsu ya fi karkata ga ancobi, ina so in ji ta bakinsu.

Ƙanwar tawa ta gwada shi a miyar tumatir jiya. Ba ta ƙara gishiri ko kaɗan ba, ya kuma ji.