Ruwan faya ne ke hana ɗan tayi yin tabo?

Ungozoma daga Mabera: Salamu alaikum jama'a. Na ji an ce in anka yi ma ɗan tayi aiki yana cikin uwatai, haihuwarsa akan yi ba tabo, kuma ruwan faya ne sanadi. Ni dai na yarda. Yaro wata tara yana kwance cikin ruwan ga, mi zai hana ya zama magani?

Ɗalibin likitanci: Inna, rabin maganar gaskiya ce. Kafin mako 24 raunin fatar tayi kan warke sumul, har gashi ya fito a wurin. Amma ba ruwan ba ne. A 1994 an dasa fatar babbar tunkiya a jikin ɗan tayin tunkiya, sannan anka yi ma fatar rauni. Tana cikin ruwan, jinin tayin na ratsa ta, duk da haka ta yi tabo.

Wanzami: Ɗana, to mi ya bambanta? Mu jinjiri ɗan kwana bakwai muke ma tsaga, kuma tana nan har tsufa.

Ɗalibin likitanci: Baba, ai a wannan lokacin ƙofa ta riga ta rufe, tun a watannin ƙarshe na ciki. Jiki yana da sinadaran da ke ba ƙwayoyin fata umarnin gyara. Akwai iyali guda, TGF-beta. Na 1 da na 2 su ke sa a jibga zaren kolajin, wato zaren da ke riƙe fata, da sauri, a jere wuri ɗaya, shi ne tabo. A jikin tayi waɗannan biyun kaɗan ne, na 3 ya fi yawa, kumburi ma bai taka kara ya karya ba. Sai zaren ya saƙu kamar tabarma, yadda fata take tun asali.

Ungozoma: Ban sauka ba tukuna. Ai na san likitoci na shimfiɗa tantanin mahaifa, wanda ke riƙe ruwan ga, a kan ƙuna.

Ɗalibin likitanci: Wannan haka ne Inna, har a aikin ido, kuma yana taimakon warkewa. Sai dai an tace shi, an gwada jinin mai shi. Don Allah kada kowa ya shafa ruwan haihuwa a miki a gida, ciwon hanta da ƙanjamau na bin sa.

Ma'aikaciyar jinya: Abin nan ya taɓa ni. Duk wanda ya ga yaran asibitin cutar noma, mai cin baki da fuska, na nan Sakkwato ya san tabo ba maganar kyau kaɗai ba ce. Yana ɗaure muƙamuƙi har yaro ya kasa buɗe baki ya ci tuwo. Ƙanena, in na 3 ɗin ne, mi ya hana a yi allurarsa?

Ɗalibin likitanci: An yi, Yaya. Wani kamfani a Mancesta ta Ingila ya haɗa shi da sunan Juvista. Gwaje-gwajen farko sun ba da fata, amma a 2011 ya faɗi babban gwajin ƙarshe. Sinadari ɗaya bai isa ya maida fatar babba ta tayi ba.

Ungozoma: To na janye maganar shafawa. Amma a ce ruwan ga ba ya da hannu ko kaɗan, wannan sai mun sake zama.