Me ya sa labarin Harry Potter ya ƙare alhali aljanun gida suna cikin bauta?

Malamar Tudun Jukun:

Assalamu alaikum. A hutun nan na sake karanta littattafan Harry Potter guda bakwai tare da 'yata, sai ta yi mini wata tambaya da ta tsaya mini a rai. A littafi na biyu, wanda ya fito a 1998, Harry ya yi dabara har maigidan Dobby, wani aljanin gida (halittar da ke yi wa matsafa bauta), ya jefar da safa ba da saninsa ba, Dobby ya cafe ta ya sami 'yanci, domin a dokarsu tufa ce ke 'yanta aljanin gida. Mai karatu zai ɗauka cewa daga nan labarin zai bi har a 'yanta sauran. Amma a littafi na bakwai, na 2007, Dobby ya mutu wajen ceton Harry, aljanu fiye da ɗari na nan suna girki a makarantar Hogwarts ba albashi, kuma tunanin Harry na ƙarshe bayan yaƙi shi ne ko Kreacher, bawan da ya gada, zai kawo masa abin da zai ci. Shin marubuciyar ta manta da zancen ne, ko kuwa tana ganin bautar ba laifi ba ce muddin ubangida yana da kirki?

Ɗan Kongo:

Wa'alaikumus salam, Malama. Ni ban ga alamar mantuwa ba. A littafi na huɗu Hermione, ƙawar Harry, ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin aljanun, kowa yana yi mata dariya har da abokinsu Ron, amma a na bakwai Ron ɗin ne ya tuna da su ana cikin yaƙi, ya ce a gaya musu su fice kada su mutu saboda wasu. Kuma bayan mutuwar Sirius, ubangidan Kreacher kafin Harry, shugaban makarantar, Dumbledore, ya faɗa wa Harry ƙarara cewa matsafa ne suka mayar da Kreacher yadda yake, wulaƙancin da Sirius ya yi masa kuma yana cikin abin da ya jawo ajalinsa. Marubuciyar da ba ta ga laifin bauta ba, ba za ta sa irin wannan magana a bakin dattijon da ya fi kowa hikima a labarin ba.

Dattijon Ƙofar Doka:

Ɗana na Kongo ya kawo hujja mai kyau, sai dai hujjar tasa ce ta ƙara mini damuwa. Duk abin da Dumbledore ya nema shi ne a kyautata wa bawa, bai taɓa cewa a sake shi ba. Harry ya ba Kreacher abin wuyan Regulus, ƙanen Sirius da Kreacher ke ƙauna, Kreacher ya canza hali, ya gyara gida, daga baya ya jagoranci aljanun kicin da wuƙaƙe suka shiga yaƙi, amma har littafin ya ƙare sunansa bawa.

Mu a ƙasar Zazzau wannan zance ba baƙo ba ne, domin kakanninmu sun san rinji, sun san bacucane da aka haifa a gidan ubangida, sun san murgu, inda bawa ke biyan ubangidansa wani abu a kai a kai don a bar shi ya yi aikin kansa, ko ya tara kuɗin fansa. Turawa sun yi doka cewa 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 'yantattu ne, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. A cikin waɗannan shekaru 35, da yawa sun zauna inda suke saboda gonarsu da iyalinsu suna can, ba su da wata mafaka, kuma wanda ya kalli zamansu ya ce son bauta suke yi ya zalunce su. Abin da nake zargin littafin da shi ke nan: ya nuna Winky, wata aljanar gida wadda aka 'yanta ba da sonta ba, tana kuka tana shaye-shaye, ya nuna Dobby kamar wani bauɗaɗɗe a cikin jinsinsa, wanda ko da aka yi masa tayin albashin Galleon (kuɗin matsafa) goma a mako sai ya zaɓi ɗaya, har yaro mai karatu ya ɗauka cewa son bauta a jininsu yake. Babu inda aka tsaya aka tambayi wane ne ya ɗora musu tsafin da ke sa su azabtar da kansu idan suka saɓa wa ubangida.

Ɗalibar Samaru:

Baba, na yarda da kai, amma akwai wani darasi a littafi na biyar da nake ganin daidai ne. Hermione ta riƙa saƙa huluna tana ɓoyewa a ƙarƙashin shara don aljanun su ɗauka su 'yantu ba da yardarsu ba, su kuwa suka ji an ci zarafinsu, suka daina share ɗakunan ɗaliban da take ciki, Dobby kaɗai ya ci gaba. Ba ta zauna ta tambaye su abin da suke so ba. Waɗanda fina-finai kawai suka kalla ba za su san wannan ba, saboda an cire ƙungiyar da Winky gaba ɗaya.

Malamar Tudun Jukun:

Na gode muku duka. Zan karanta wa 'yata amsar Baba da daren nan, sannan mu koma babin da Kreacher ya ba da labarin kogon da mugun matsafi Voldemort ya tilasta masa shan guba, domin ina son ta lura cewa umarnin Regulus na ya dawo gida shi ne ya cece shi, kuma shi ne ya hana shi ceton Regulus daga baya.