Bakina na ɗaurewa in zan yi Turanci, ga jarabawar Turanci ta IELTS ta matso

Ummin_Sadiq:
Salam 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, karatu da rubutu ba ni da matsala amma da an ce in yi magana sai kaina ya ɗau caji, kalmomin duk su gudu. Ya zan yi da ɓangaren magana?

Malam_Tanko:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, hirar gaba ɗaya minti 11 zuwa 14 ce, kashi 3. Na biyun ne ke kada mutane, za a ba ki kati mai tambaya, minti 1 ki shirya sannan ki yi bayani har minti 2 ke kaɗai. To ki riƙa gwada haka kullum, ki saita agogo ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, nan za ki ji inda kike tsayawa da inda P ke koma miki F. Kuma kar ki haddace amsa, masu jarabawar suna ganewa.

Zee_baby:
Gaskiya Malam ya faɗi komai. Ƙari kawai, ki samu wadda za ku riƙa hira ko ta WhatsApp ne, da sharaɗin ba Hausa. Ba a neman ki yi magana kamar Baturiya, a fahimce ki shi ne, kuma in tambaya ta wuce ki kina iya cewa a maimaita.

Ummin_Sadiq:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Anti Zee ko za mu fara tare gobe?