Gudan jini a jijiyar ƙafa: shawarwarin da aka bayar

A hirar da muka yi da ungozoma da ma'aikatan jinya, an fi daɗewa kan mai jego. Makonni 6 na farko bayan haihuwa jini ya fi saurin daskarewa, musamman ga wadda aka yi wa tiyata. Idan sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo in an taka, a tafi asibiti ranar nan. Sun ja kunne sosai kan tausa: kada a murza wurin, don gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Alamarsa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ƙirji na suka, wani lokaci da tarin jini. Wannan kam ba a jiran wayewar gari.

Masu sikila, masu ciwon daji, da wanda karaya ta kwantar, duk suna cikin haɗari. Mai doguwar tafiya kuma, ko jirgin Hajji ko motar Kano zuwa Legas, ya riƙa motsa ƙafa, ya sha ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa. Kada su haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen na kemis, jini zai iya ɓarkewa. Zogale da alayyafo ba a hana ba, amma a ci daidai kullum, a kuma riƙa gwajin INR, wanda ke auna saurin daskarewar jini. Mai ciki ba a ba ta warfarin, allurar heparin ake yi mata, ita ma tana hana jini daskarewa.