Neman shawara kan bindigar iska don kurege da gafiya a gonar gyaɗa

Assalamu alaikum. Ina noman gyaɗa a gefen Dadin Kowa, jihar Gombe, kuma damina biyu ke nan kurege da gafiya suna yi mini ɓarna mai yawa. Kurege yana tone iri tun kafin ya tsiro, gafiya kuma tana shigowa da dare idan gyaɗa ta fara nuna, sai da safe in tarar da ɓawo a warwatse a bakin raminta.

Na ɗana tarko goma sha biyu, suka kama a makon farko, daga nan dabbobin suka gane su. Na sa maganin ɓera, amma ya kashe kajin maƙwabcina guda uku, don haka na daina, kuma ba zan sake ba. Na kuma kira maharbi mai bindigar toka, sai dai ƙararta tana korar sauran su shige rami, harbinta kuma yana watsuwa ya lalata shuka.

Yanzu na yanke shawarar neman lasisi wajen 'yan sanda, tunda doka ta sa bindigar iska cikin makaman da ake buƙatar izini kafin a mallaka, kuma kuɗina bai kai na babbar bindiga ba. Na san harsashi mai milimita 4.5 ya fi sauri da sauƙin kuɗi, mai milimita 5.5 kuma ya fi nauyi da ƙarfin bugu, kuma yawancin harbina ba zai wuce mita 25 ba.

Wanne daga cikin biyun ne zai kashe gafiya nan take a wannan tazara, ba tare da ta gudu rami da rauni ba? Na gode.