Ƙanena ya ga wata takardar sirri a ofis: ya tona ko ya yi gum?

Telan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekara 22 ke nan ina kan keken ɗinki. Bokona bai yi nisa ba, amma rediyo ba ya mutuwa a shagona, ta nan nake jin labarin duniya.

Ina da ƙane, ciki ɗaya muka fito. Da kuɗin ɗinkin Sallah na biya masa makaranta har ya gama, Allah ya ba shi aiki a wani ofishin gwamnati. Ba zan faɗi ofishin ba. Ranar da aka ɗauke shi sai da ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai riƙe sirrin aiki. Kwanan baya ya zo gidana bayan isha'i, uwargida ta ajiye masa tuwo da miyar ayoyo, ko hannu bai wanke ba. Sai da yara suka kwanta ya ce, "Yaya, na ga takardar da ta hana ni barci." An fitar da kuɗi da sunan sayen kayan aiki, an sa hannu cewa kaya sun iso, kaya kuwa ko ƙyallinsu babu. Ƙananan ma'aikatan da aka ce dominsu aka saya suna fita aiki hannu rabbana. A saman takardar an buga hatimin sirri.

Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, ka ja bakinka ka yi shiru, kana da mata da 'ya'ya uku, ga tsohuwarmu da kai kake saya mata maganin hawan jini. Na tuna Edward Snowden da ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka take tattara bayanan wayoyin mutane a 2013, ya ƙare da zama a Rasha, ƙasarsa na nemansa. Na tuna Ahmed Hussein-Suale, ɗan jaridar da aka harbe a unguwar Madina da ke Ankara, babban birninmu na Gana, a Janairun 2019. Madina fa, ba wata uwa duniya ba.

Amma tunda na faɗa masa haka raina bai kwanta ba. Ni na raini yaron nan a kan ba a cin haram, ba a kuma rufa wa mai ci asiri. Yau ni ne nake ce masa ya kau da kai. Jiya sau biyu ina farke wuyan riga ɗaya.

Don Allah masu sani, me ya sa gwamnati take kama wanda ya nuna ɓarawo ta bar ɓarawon? Kuma a nan Gana akwai ƙofar da mutum zai bi bai ƙare a gidan yarin Nsawam ba?

Tsohon Soja, Asawase:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi aikin kiyaye zaman lafiya a Lebanon, na san takardar da in ta fita yau, gobe gawa za a ɗauko: hanyar da sintiri zai bi, da ƙarfe nawa, mutum nawa. Lokacin da shafin intanet na WikiLeaks ya saki takardun yaƙin Afghanistan a 2010, a ciki har da sunayen 'yan ƙasar da suka yi hulɗa da sojojin Amurka, ba a goge ba. Wa ya tambayi waɗannan bayin Allah kafin a watsa sunansu? Ba ƙaramin ma'aikaci ba ne zai zauna shi kaɗai ya yanke abin da duniya za ta gani. Ƙanenka ya kai magana wurin na gaba da shi, ya bi matakala.

Malama daga Nima, Ankara:

Baba soja, a kan hanyar sintiri ba mai ja da kai. Sai dai hatimin da ake bugawa a taswirar soja shi ake bugawa a rasit na ƙarya, kuma sau da yawa wanda ya ci kuɗin shi ke riƙe da hatimin. In na gaba da shi ɗin ne ya sa hannu cewa kaya sun iso fa?

Malam tela, tambayarka ta farko amsarta tana cikin yadda aka gina dokokin. Wadda Amurka take kama mutanen nan da ita tun 1917 aka yi ta, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don 'yan leƙen asirin abokan gaba. Kotu abu ɗaya take tambaya: ka fitar ko ba ka fitar ba? Dalilinka ba ruwanta da shi. Daniel Ellsberg ya fitar da takardu shafi kusan 7,000 a 1971, waɗanda suka nuna an daɗe ana yaudarar Amurkawa a kan yaƙin Vietnam. Da ya zo zai bayyana dalilinsa a kotu, alƙali ya hana shi. Bai tsira a 1973 don an yarda yana da gaskiya ba, sai don an gano mutanen Shugaba Nixon sun fasa ofishin likitan ƙwaƙwalwarsa suna neman abin da za su ɓata shi da shi. Chelsea Manning, sojan da ta ba WikiLeaks takardun nan, shekara 35 aka yanke mata a 2013, sai da Obama ya sassauta ta fito a 2017. Reality Winner kuwa takarda ɗaya tak ta aika wa 'yan jarida, aka ba ta shekara 5 da wata 3.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Katharine Gun, mai aikin fassara a hukumar sauraren sirri ta Ingila. A farkon 2003 ta ga saƙo daga Amurka ana neman a taimaka a saurari wayoyin wakilan wasu ƙasashe a Kwamitin Sulhu, don a matsa musu su goyi bayan yaƙin Iraƙi. A cikinsu akwai Angola da Kamaru da Gini, 'yan uwanmu ke nan. Ta fitar, aka tuhume ta da dokar sirri ta 1989. Lauyoyinta suka nemi a kawo shawarar da lauyan gwamnati ya bayar a kan halaccin yaƙin. A Fabrairun 2004, ranar shari'a, masu gabatar da ƙara suka janye. Yaƙin dai an yi shi, ita kuma ta rasa aikinta.

Yanzu gida. Muna da dokar sirrin ƙasa ta 1962, tun zamanin Nkrumah, shi ya sa nake roƙonka kada ƙanenka ya ɗauki hoton takardar nan ya tura a WhatsApp, ko ya kira gidan rediyo. Nan ne za a same shi. Amma muna da dokar kare masu fallasa ɓarna ta 2006, mai lamba 720, mutanen zango da yawa ba su taɓa jin labarinta ba. Ta lissafa waɗanda za a iya kai wa rahoto: Antoni Janar, Babban Mai Binciken Kuɗi, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, ɗan majalisa, ɗan sanda, har sarkin gargajiya da shugaban addini da dattijon dangi. Wanda ba ya rubutu zai faɗa da baki, a rubuta, a karanta masa da harshen da yake ji. Wanda ya karɓa wajibi ne ya ɓoye sunan mai rahoto. In an kore shi ko an yi masa canjin wuri na mugunta, CHRAJ zai kai kuka. In kuma an ƙwato kuɗi, dokar ta tanadi kashi 10 cikin 100 gare shi.

Ba zan ruɗe ka ba, abin da ke takarda daban, abin da ke faruwa a ofis daban. Mutum biyar ne kawai suka ga fayil, ko ba a faɗi suna ba an san inda za a duba. Ya fara ganin lauya, ya gaya masa irin hatimin da ke kai, kafin ya buɗe baki ga kowa.

Almajirin Malam, Sabon Zango:

A kan rantsuwar da ya yi, kada ta ɗaure shi fiye da inda shari'a ta ɗaure shi. Amanar aiki ya rantse zai riƙe, bai rantse zai yi wa sata gadi ba. Aya ta 283 a Baƙara ta hana ɓoye shaida. Sai dai aya ta 6 a Hujurat ta ce a yi bincike kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Ya tabbatar tukuna. Ya leƙa sito da idonsa? Ko kayan wani reshe aka kai?

Telan Aboabo:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da la'asar na rufe shago na je na same shi, na ce maganar da na faɗa maka ta farko tsoro ne ya faɗe ta, na janye. Ya daɗe bai ce komai ba, sai hawaye. Malam, na tambaye shi maganar sito, ya ce shi ke riƙe da littafin shigar kaya, wata takwas ba abin da ya shigo. Malama, na sa ya nuna mini wayarsa, bai ɗauki hoton komai ba, alhamdu lillahi. Ranar Litinin za mu ga wani lauya a Adum, na ware kuɗin ɗinkin kaftani huɗu domin haka. Tsohuwa ba mu gaya mata ba tukuna.

Baba soja, na san ba ka goyi bayan fitar da sirri ba, mu ma ba jarida za mu kai ba. In lauya ya ce a je CHRAJ, ina so a ce akwai dattijon da ya san aikin gwamnati a tare da mu. Za ka raka mu?