Neman kalma: yaya za mu ce "jandar" (gender a Turanci) da Hausa kafin Alhamis?

Malamar Gadarif: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis za a karanta wa iyayen 'yan mata takardar bayanin kwasa-kwasan jami'a, har da irin wanda Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman a nan Sudan ta yi suna da shi, "an-nau'ul ijtima'i wat-tanmiya". Ni ce mai fassara ta daga Larabci, na rubuta "jinsi da ci gaba". Sai ga sakin layi na biyu yana raba "jins" da "nau'", ni kuwa kalma ɗaya ce a hannuna. Ku taimaka.

Ɗan Maiwurno: Wa alaikumus salam, Malama. Ki bar jinsi, ki yi masa rakiya: jinsin halitta da jinsin zamantakewa. Na farko jiki ne da haihuwa da shayarwa. Na biyu abin da al'umma ta ɗora wa namiji da mace: wa ke ɗebo ruwa, wa ke sayar da riɗi in an girbe, kuɗin ya shiga aljihun wa. Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, sashe na 7, a kan haka ta tsaya: namiji da mace a cikin yanayin al'umma.

Baban Kasala: Ya yi tsawo. Ni dai jinsintaka nake cewa, kamar mutuntaka da dangantaka. Ƙirar Hausa ce tsantsa.

Hajiyar Sinnar: Baba, ƙirar ta yi, amma takardar nan karanta ta za a yi a bainar jama'a, ba mai tsayawa ya yi sharhi. Kuma jinsi kayansa sun yi yawa: jinsin nahawu, jinsin mutane, ga "auren jinsi" da kunne ya saba da shi a rediyo. Uba ya ji "nazarin jinsi", can hankalinsa zai tafi, ya hana 'yarsa kwas ɗin da ke magana a kan mace-macen mata wajen haihuwa, rabon gona, da dokar 2020 da ta haramta kaciyar mata a Sudan. A kanun takarda ki sa "nazarin matsayin maza da mata".

Ɗan Maiwurno: Wannan ya yi wa kanu, amma ba ya shiga ko'ina. Gwada shi a "cin zarafi mai nasaba da jinsi" ki ji yadda jimla ke karyewa.

Baban Kasala: Shi ya sa na ce jinsintaka! Ku dai komai sai an ji shi daga bakin Kano kafin ya halatta. Mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan a hanyar Hajji ba mu da ikon ƙera kalma?

Malamin Kano a Madani: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ba Kano ce ke hanawa ba. Ita kanta jinsi daga Larabci aka aro ta. Kalma sai an ji ta a bakin mutane take zama kalma. Amma don Allah kar a ce "nau'i", mai sauraro zai zaci dawa ake rarrabawa.

Baban Kasala: To su wa suka fara sa ta a bakin mutane in ba irinmu ba?

Malamar Gadarif: Saura ɗaya. Akwai layin da ke cewa jami'o'in Amurka da Ingila suna haɗa wannan fanni da nazarin "misliyyin".

Hajiyar Sinnar: Ki ce "masu sha'awar jinsi ɗaya". Luwaɗi da maɗigo aiki suke ambata, da hukunci a cikinsu, alhali layin sunan fannin karatu kawai yake faɗa. 'Yan daudu kuma wani abu ne daban, magana ce ta ɗabi'a da sana'a a ƙasar Hausa, ba ta ɗauki mata ba sam.

Malamar Gadarif: Na gode. Kanu na Hajiya, cikin takarda jinsin halitta da jinsin zamantakewa, da bayanin layi ɗaya a farkon ambato.

Baban Kasala: Shi ke nan, ku buga. Amma ni a ajina jinsintaka zan ci gaba da cewa.